Jaririn da Aka Miƙa ta Bayan Rumbu

A motar Ƙanƙara Lawwali ya fara jin littafin. Ya sayar da masararsa tun kafin azahar, ya samu wuri a kujerar baya, an matse shi tsakanin buhun gishiri da wasu mata biyu da bai sani ba. Ɗaya daga cikinsu ta kunna waya, muryar wata yarinya tana karatu. Direba yana gudu don a bar hanya kafin la'asar, ramuka suna ɗaga su suna nanawa da ƙasa, matan ko a jikinsu.

"Wallahi sau uku ina kuka a daidai wurin nan," in ji mai wayar.

"Ni haushi ya ba ni," in ji ɗayar. "Wace irin uwa ce za ta miƙa ɗanta ta ramin katanga kamar ƙullin daddawa?"

"Ke ba ki san tsoron dangin miji ba, shi ya sa."

Lawwali ya san da littafin. Hamida ce ta rubuta shi a waya, 'yar Badamasi yayan matarsa, kuma duk Mairuwa ana alfahari da ita. Shi dai bai taɓa saurara ba, yana ganin abin mata ne. Yau ba wurin gudu, sai ya ji.

Labarin wata mata ce da ta binne jarirai biyu. Da ta haifi na uku sai ta tatsi nononta a ludayi a ɓoye, ta zuba tururuwa a ciki, suka mutu. Ta tabbata nonon ne ke kashe mata 'ya'ya, kuma in surukanta suka ji, zamanta a gidan ya ƙare. Maƙwabciyarta tana goyo a lokacin. Sai suka faɗaɗa wani rami a katangar da ta raba gidajensu, ta bayan rumbu, kullum ana miƙa jaririn ya sha a dawo da shi, har wata huɗu. A ƙarshen littafin, in ji mai wayar, yaron ya zama likita, ya gano gaskiya, ya kai tsohuwar maƙwabciyar Makka.

Muryar ta ci gaba da karatu. Jaririn yana da cindo a hannun hagu, an ɗaure shi da gashin doki, ranar kwana tara ya faɗi a cinyar maƙwabciyar, ta binne shi a gindin rumbu.

Lawwali ya tura hannunsa na hagu cikin aljihu. Akwai ɗan tudu a gefen ƙaramin yatsansa, kamar ƙwayar dawa. Mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, ta binne 'yan mata biyu kafin shi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidan da aka haife shi da gidan Inna Mairo, kakar Hamida. Inna Mairo kuma ita ta haifi Shafa'atu, matarsa ta shekara goma sha tara, uwar 'ya'yansa biyar.

Kwana shida yana yawo da abin a ransa. Ko'ina ya zauna littafin ya riga shi zuwa. Mai shayin tasha ya ce matarsa ta ƙona tuwo saboda shi. Wani ɗan acaɓa daga Ruwan Godiya ya rantse ƙarya ce zalla, ba macen da za ta riƙe sirri shekara arba'in. An ce wata malama a Sabuwa ta hana ɗalibanta saurara, wai yana koya wa mata ɓoye wa miji abu, ɗaliban kuwa suna tura wa juna a bayan idonta. Kowa yana gardama a kan ko matan biyu sun kyauta. Ba wanda ya tambayi wanda jaririn ya aura.

Ranar ta bakwai da hantsi ya je gidan Inna Mairo. Tunda ya auri 'yarta bai taɓa wuce gaisuwa da ita ba. Yakan durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya tambayi lafiya, ya ajiye goro ya fita. Yau ma ya durƙusa a wurin, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ya gama gaisuwa bai tashi ba.

Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta. "Lafiya dai?"

"Inna, littafin Hamida."

Sai ta yi dariya, har da jin daɗi. "Ja'irar yarinya! Hira na yi mata tana yi mani kitso, ban faɗi suna ba. Ashe rubutawa take. Ka gane kanka ke nan?"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

"Ai yanzu ba komai, uwarka ta tafi da mutuncinta. Kai da ci, kamar ka cinye ni. Badamasi na wanga gefe, kai kana wancan."

"Inna, Shafa'atu fa?"

"Mi ya samu Shafa'atu?"

"Nono ɗaya muka sha."

Ta daina ɓarar gyaɗar. "Kai da Badamasi kuka sha. Ita sai bayan shekara takwas aka haife ta, wancan nonon ya daɗe da ƙafewa. Da mace nake goyo lokacin, ai da ban bari ba. Ina da hankalina, Lawwali. Wanda aka sha tare da shi, shi ne ɗan'uwa. Haka muka taso muka ji."

Ta kira sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya ɗaga ido ya dube ta, ya ga ba ƙarya take ba, ba ta kuma tsoron komai. Ya yi mata sallama ya fita.

Bai tambayi malaman Mairuwa ba, bai tsaya a Faskari ba. Ya hau babur har Sabuwa, inda ba a san fuskarsa ba, ya nemi zauren wani Malam Abdulganiyu. Ya jira aka watse, sannan ya ce wani abokinsa ne ya aiko shi.

Malamin ya saurara har ƙarshe. "Duk abin da matar nan ta haifa, kafin shi da bayan shi, 'yan'uwanshi ne. Tsofaffinmu da yawa suna kuskuren nan. Ban da ita, akwai wanda ya gani?"

"Uwar ce, ta rasu."

"To, a abin da na karanta, bakin mace ɗaya bayan an ɗaura aure bai isa alƙali ya raba ba. Yara kuma nashi ne, halattattu, ba abin da ya taɓa su." Ya gyara zama. "Amma ka tambayo mani abokin naka abu ɗaya. Shi ya yarda da maganar tsohuwar?"

Malamin bai jira amsa ba.

"In bai yarda ba, ya koma gidanshi. In ya yarda, ba ya bukatar alƙali. Ya riga ya sani."

Ya iso gida rana ta yi sanyi. Yara sun tafi Islamiyya. Shafa'atu tana tankaɗe a tsakar gida, ta kawo masa ruwa, ta koma kan tabarmarta. Ya zauna a kan turmi, nesa da ita, ya gaya mata komai, tun daga motar Ƙanƙara. Ba ta ajiye rariyar ba.

"Na sani," ta ce. "Wata biyu ke nan da na ji littafin. Shekara nawa ina kallon hannun nan?"

"Kika yi shiru?"

"Na yi shiru. Na kira Hamida na ce ta cire maganar cindon, ta ce ya riga ya zaga duniya, ta tambaye ni dalili, na kashe wayar." Ta buga rariyar da tafin hannu. "Malamin ya ce ba mai raba mu, ko ba haka ya ce ba?"

"Haka ya ce."

"To. Tsohuwa ce, ta ruɗe. Jiya ta saka gishiri a koko. Ka ce ba ka yarda ba, Malam. Faɗa kawai za ka yi, ni ma in faɗa, mu raini yaranmu."

Ya so ya faɗa. Kalma uku ce, ba mai ji sai ita. Ya buɗe baki, sai dariyar Inna Mairo ta dawo masa a kunne, dariyar wadda ta yi alheri tana tuna shi da daɗi.

"Na yarda da ita, Shafa'atu."

Ta ajiye rariyar a hankali. 

"Wa ya aike ka ka tambaya?" ta ce. "Ni da na riga ka sani, na ɗauka na riƙe. Kai kwana bakwai ka kasa."

"Kin iya kwana da shi?"

"Ban iya ba. Amma na zauna."

Ya tashi ya shiga ɗakinsu, ya ɗauko tabarmarsa da buta da rigunansa biyu, ya kai shagon da ke jikin zaure inda yake ajiye buhuna. Da ya dawo ɗaukar sauran kayan ya tarar da ita tsaye a ƙofar ɗakin.

"Gidan Inna ba zan koma ba," ta ce. "Ba zan iya kallon ta ba. Nan zan zauna da 'ya'yana."

"Gidanki ne."

"Kuma kai za ka gaya masu. Ni ban san da wane baki ba."

Daga waje aka fara jin hayaniyar yara suna tahowa daga makaranta. Lawwali ya fita ya tsaya a bakin zaure yana jiran su.