Rigar Sanyin Auta

Wa ya fi gajiya, wanda ke fita da safe ya dawo da yamma jikinsa duk ya mutu, ko wanda ba ya fita ko'ina? Ni dai ban sani ba. Mai Firji ma bai taɓa tambayar kansa ba, sai shekarar da suka shirya tafiya ƙasar tsaunuka.

Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa, shi ya sa sunan ya bi shi. Lokacin zafi kowa nemansa yake. Yakan wuni a tsugune a bayan firjin mutane, cikin ƙura da yana, iska mai zafi tana bugun fuskarsa, sanyin kuwa yana can gaba inda masu gida suke. In ya dawo, ko takalmi ba ya iya cirewa sai ya ɗan zauna a bakin ƙofa. Ya daɗe yana yi wa matarsa da 'ya'yansa mata biyu alkawarin zai rufe shago a babban hutun makaranta, ya kai su inda sanyi yake na Allah ba na inji ba. Bana ya ce ko me za a yi sai sun je.

Mutum biyu ne a gidan ba a sa su cikin tafiyar ba. Akwai Baba, mahaifinsa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun ƙaramar 'yar tana rarrafe. Sai Auta, ƙaninsa, direba ne da, ya ajiye tuƙi "na ɗan lokaci" don ya yi jinyar Baba, ɗan lokacin ya miƙe har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Auta ke juya Baba kada gyambo ya ci bayansa, shi ke ba shi abinci a baki, shi ke yi masa wanka da tsarki. An taɓa ɗauko mai jinya daga waje, Baba ya datse baki ya ƙi cin komai har sai da aka sallame shi.

Mai Firji yana sayen magani, yana shiga gaisuwa safe da yamma. Amma da ya ga Auta ya ɗauko roba da tawul sai ya sulale. Wata rana an ce ya zo ya kama, ya ce, "Ku sa ni komai, amma ba zan iya ganin tsiraicin mahaifina ba." Ba a sake yi masa maganar ba. Shi kuma ya sa wa abin suna ladabi, suka zauna lafiya.

Auta ne ya fi kowa ɗokin shirin. Ya duba birkin motar, ya canza tayar baya. Da yamma ya zauna a falo da wayarsa, ƙofar ɗakin Baba a buɗe kaɗan, yana nuna musu hanya: inda take lanƙwasa kamar igiya, inda tafki yake, inda mutum ke tsayawa ya hango hazo a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Yaya, a gangara kada ka dogara da birki, zai yi zafi. Ka sa ƙaramar giya ka bar ta ta sauka da kanta."

Matar Mai Firji ta ce, "Wai kai Auta, ka taɓa zuwa ne?"

"Sau nawa kuma, matar Yaya! A waya nake zuwa in dawo, ko ɗigon mai ban ƙona ba."

Ya ci gaba da dangwala yatsa. "A nan za ku tsaya. Sai nan. Sai kuma nan."

Matar ta ce, "Kai, wannan tafiya ce ko rakiyar kunkuru? Ba mu yi nisa ba ka ce mu tsaya. Wa za mu juya a cikin motar?"

'Yan matan suka kwashe da dariya. Auta ya ƙura wa wayar ido, ya yi 'yar dariya shi ma. "Af. Sabo ne."

Mai Firji bai yi dariya ba. Ya lura tazarar da Auta ya bari tsakanin tsayawa da tsayawa ita ce tazarar juya Baba. Ko a mafarkin tafiya, ƙaninsa ba ya iya wuce nan. Baba ya yi tari a ciki, kafin tarin ya ƙare Auta ya miƙe.

Da ya fito, sai ga shi da wata rigar sanyi mai kauri, shuɗiya, alamar ninki duk ta kwanta a jikinta.

"Ungo, Yaya. Can sama sanyi ba ya wasa. Na saye ta tun kafin Baba ya faɗi, ban sami inda zan sa ba."

Mai Firji ya zura hannuwa. Zif ɗin ya hau, ya iso tumbi, ya ce nan na tsaya. Babbar 'yar ta ce, "Baffa, rigarka ta ƙi Abba!" Aka sake dariya. Shi kuwa ƙamshin maganin asu da ke jikinta ne ya cika masa hanci.

Washegari a bayan firjin wani kanti ya yi ta shari'a da kansa. Ai shi ke ciyar da gidan. Gajiyarsa ba ta ƙarya ba ce, ga bayansa nan yana sara. Kuma babu wanda ya tilasta wa Auta. To, wa ya tambaye shi? In kunya ce ta hana shi ɗaukar tawul, me ya sa ta zaɓe shi ta bar Auta, alhali uba ɗaya ya haife su? Ya juya maganar ta kowace fuska bai sami inda zai jingina ba.

Da ya dawo gida ya tarar da matarsa a kicin tana goge tukunya, ya gaya mata abin da ke ransa: Auta ya kai su, shi ya zauna da Baba. Ta ajiye tukunyar da ƙarfi.

"To ni fa? Tun yaushe nake jiran in gan ka a zaune, hannunka babu sukudireba? Kai dai ba ka iya samun abin daɗi ba sai ka tono masa laifi."

"Auta ya fi ni iya tuƙi a gangara."

"Ba direba na ce ina so ba, Abbansu."

Gaskiya ta faɗa. Ta sake ɗaukar tukunyar da ta riga ta fita, ta daɗe tana murza ta. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Jiya na ga Auta yana barci a tsaye, ya jingina da bango." Ta share goshi da bayan hannu. "Amma ai ka ce ba za ka iya ba."

Da safe ya yi shirin fita, jakar kayan aiki a kafaɗa. Bai ji wani haske a zuciyarsa ba. Yana son sanyin nan, yana sonsa har ƙashinsa. A tsakar gida ya ci karo da Auta ɗauke da robar ruwan ɗumi, tawul a wuya, idanu jajur.

Mai Firji ya sauke jakar. Ya koma ɗaki ya ɗauko shuɗiyar rigar, ya rataye ta a ƙofar Auta.

"Yaya, lafiya?"

"Ta ƙi ni. Kai za ka kai su."

"Baba fa?"

"Akwai sauran kwanaki. In ya saba da hannuna kafin nan, shi ke nan."

Auta ya buɗe baki zai yi musu. Mai Firji ya zare tawul ɗin daga wuyansa, ya naɗe hannun riga, ya karɓi robar. Ruwan ya ɗan fantsama masa a takalmi. Ya tura ƙofar Baba da kafaɗa, ya yi sallama, ya durƙusa a gefen gado.

"Zo ka nuna mini," ya ce ba tare da ya waiwaya ba. "Ta ina ake fara ɗaga shi?"