Rakiyar da Ladan Mai Faci Ya Yi

Shekara talatin Ladan yana gyaran keke a gindin wata ɗorawa kusa da tashar Birnin Gwari, amma shi kansa bai taɓa tuƙa keke ya wuce ƙauyen Kakangi ba.

Wata safiyar Talata cikin kaka, sai ga wani dogon mutum mai furfura ya turo keke, jakunkuna huɗu rataye gaba da baya. Ya gaishe shi, ya ce sunansa Enoch, malamin asibiti ne da ya yi ritaya. Kwanansa uku da barin Minna, kuma Katsina ya nufa.

"A kan wannan?" in ji Ladan.

"A kansa, Malam. Wayoyi uku ne suka tsinke mini a ƙafar baya."

Ladan ya kifa keken, ya sauya wayoyin, ya yi ta juya ƙafar har ta daina lilo. Yana aiki yana zuba tambaya. Ina kake kwana? Me kake ci? Gwiwa ba ta ciwo? Enoch na ba shi amsa yana dariya. Da aka gama, Ladan ya ji ba zai iya komawa kan benci ya zauna ba. Ya janyo tsohon kekensa baƙi, ya ɗaure famfo da jakar kayan aiki a baya.

"Bari in taka maka zuwa bakin daji," ya ce. "In ga yadda gyaran zai zauna."

Suka kama hanyar Funtuwa. An daɗe mutane na tsoron hanyar, amma a 'yan watannin nan motocin masara sun dawo suna bi. Da farko itatuwa ne dama da hagu, Ladan na ta waige-waige. Can wajen hantsi suka hau wani tudu, dajin ya buɗe gaba ɗaya. Ga gonakin dawa sun yi ja iya ganin ido, ga shanu can nesa fari fat, ga hanya ta miƙe ɗoɗar. Iska kuma daga bayansu take busowa.

Enoch ya sauka. "Malam Ladan, mu yi musaya. Ɗana kekena a gangaren nan."

Ladan ya hau, ya taɓa giya, keken ya zabura. Rigarsa ta cika da iska, hularsa ta tashi, bai ko waiwaya ba. Ihu yake yi, shi da ke da jikoki biyar! Wasu mata masu roron wake suka miƙe suna tafa masa. Sai da ya kai ƙasa ya ja burki, yana haki, hawayen iska na bin kumatunsa.

Enoch ya iso da hular a hannu. "To, ga bakin daji mun baro tuni. Sai mu yi sallama."

"Bari dai mu kai wancan ƙauyen."

Suka kai ƙauyen, suka sha fura, Ladan ya yi azahar Enoch na gadin kekuna. Suka wuce na gaba. A wani kwari sarƙar keken Enoch ta tsinke, ba gida gaba ba gida baya. Ladan ya durƙusa, ya nemi dutse mai faɗi da ƙusa, kafin a ce me ya haɗa ta.

"Da ni kaɗai ne, da turawa zan yi har gari," in ji Enoch.

Daga la'asar cinyoyin Ladan suka fara zogi, kowane tudu sai ya sauka ya tura. Rana ta faɗi kafin su kai Funtuwa, suka yada zango a wani gari a gefen hanya. Ladan ya sauka, ya ciro waya ya kira matarsa Saude.

"Malam, kana ina? Tuwo ya huce."

Ya faɗa mata. Ta yi salati, sannan ta fashe da dariya har da tari.

"Yaushe za ka dawo?"

"Enoch ya ce kwana uku mu shiga Katsina. In Allah ya yarda, a can zan yi Juma'a."

"To ka sayi man zafi ka shafa wa ƙafafun nan. Kuma ka taho mini da hoto, don ko na faɗa wa Muslimat ba za ta yarda ba."

Muslimat 'yarsu ce ta fari. Ranar Asabar da Ladan ya dawo gida a mota, ita ta fara ganin hoton: babanta a Ƙofar Ƙaura ta Katsina, ya yi baƙi wuluk, ya ɗaga keke sama da hannu biyu.