Gwangwanin da Ke Kuka in Ruwa Ya Kai

"A ƙasa ka zana shi? Gaban mutane?"

"Sun tambaya, Kawu."

"In sun tambayi wandonka fa, sai ka tuɓe?"

Kawu Mato ke nan, ƙanen innata. Abin da muke faɗa a kansa gwangwanin madara ne. Na sa masa toshiyar kwalba, batirin tocila biyu, da hon na keke. Ka kafa shi a ƙarshen hawasha, gonar audugar da hukuma ta ba ka. Ruwa ya kai, toshiya ta taso, waya ta taɓa waya, hon ya yi kuka. Sai ka tashi daga inuwa ka toshe ruwa. Shi ke nan abin da na samu daga sakandare, ban da takardar da ba wanda ya nemi gani.

Kawu ya so mu liƙe bakinsa da kwalta, kada kowa ya ga ciki, mu kai kasuwar garin Kamlin.

"Mu ƙara duwatsu shi yi nauyi. Mutanenmu ba su sayen abu maras nauyi."

Na ƙi. So nake a ce nawa ne, ni Jibirin. Wataƙila sunan ya kai ofis, a ba ni aiki.

Kafin auduga ta yi fure, gwangwani arba'in ne a bakin ruwa. Maliki mai shayi ya ce a mafarki ya gani. Abdussalami maƙwabcinmu ya ce kakansa ya zo da dabarar daga Sakkwato, a ƙafa. Kawu ya yi nasa mai duwatsu. Ba wanda ya ce Jibirin.

Kuma hon ɗin duk na kanti ɗaya ne, muryarsu ɗaya. Ɗaya ya yi kuka, mutum arba'in su zabura.

Ran Talata da hantsi aka sako ruwa da yawa. Duka gwangwanayen suka ɗauki kuka tare, ban da na Kawu da ya nutse. Daidai lokacin mufattish, mai duba gonaki, yana kan dokinsa a gefen magudana. Dokin ya tafi gida shi kaɗai.

Mufattish ya same mu gindin bishiyar Maliki. Wandonsa na ɗiga, laka har kunne, gwangwani ɗaya a hannu. Ya buɗe, ya leƙa. Ya ɗaga toshiyar da yatsa, hon ya yi kuka. Ya sake. Sau uku. Na duba fuskarsa, laka ta rufe komai.

Maliki ya shiga wanke kofin da ya riga ya wanke. Abdussalami ya manta da kakansa. Kawu ya taka mini ƙafa, ban sani ba ko "tashi" yake nufi ko "zauna".

Mufattish ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya fara yin wannan?"