Kayan da Bel Ya Ƙi

Ƙanena Lirwanu bai taɓa iya hira ba, tun yana yaro. In ka tambaye shi lafiyarsa sai ya ba ka labarin akuyar maƙwabta. To da ya tafi Legas ya sami aiki a babban siton wani kamfanin kai saƙo, sai ya sami abin fakewa na dindindin, wato bel. Duk Lahadi da la'asar yakan kira matarsa Saude, wadda ke zaune a gidana a Anka. Wayarta kuwa ta taɓa faɗawa cikin ƙullun waina, ba a jin magana sai an sa ta a sifika, don haka ina jin komai ko ban so ba. Gaskiya kuma ina so.

Sai ya gaishe ta, ya tambayi ni da maigidana Audu, daga nan sai bel. Wai wata doguwar roba ce mai faɗi da ke tafiya da kanta daga wannan kai na siton zuwa wancan, ana zuba mata kwalaye da ƙunshe-ƙunshen mutane. In kaya ya bi ta ƙarƙashin wata fitila sai ta auna girmansa. Ƙanana wani hannun ƙarfe ya ture su hagu, matsakaita ya ture su dama, manyan kwalaye su miƙe. Amma akwai waɗanda bel ba ya shiri da su, masu tsawon tsiya ko marasa kai marasa gindi, irin su katifa da keke da fankar tsaye. Su da sun iso sai ƙararrawa ta kaɗa, bel ya tsaya, mutum ya zo ya rungume su ya kai mota da hannunsa. Wannan mutumin shi ne Lirwanu.

Na sha jin labarin nan har na haddace. Wata rana na ce da Audu in aka kai ni siton nan ido rufe zan iya kama aiki. Ita kuwa Saude ba ta gajiya. Takan zauna bakin ƙofar ɗakinta, wayar a kan cinya, tana cewa "to" da "ikon Allah", kamar yau ta fara ji.

Dalilin tafiyarsa ba ɓoyayye ba ne. A Bagega suke zaune lokacin da zinariya ta ruɗa kowa. Lirwanu ya kafa injin niƙa dutse a tsakar gidansa kamar yadda rabin gari ya yi, ɗansu Dikko yana rarrafe cikin garin dutsen yana kai hannu baki. Yaron ya fara suma, kafin likitoci su zo su ce gubar dalma ce, Allah ya karɓi abinsa. Ba wanda ya ɗora wa Lirwanu laifi, don gidaje da yawa sun yi irin wannan rashi. Amma shi ya ɗora wa kansa. Ya daina iya kallon fuskar Saude. Bayan sadakar arba'in ya kawo ta wurina, ya ce zai je neman aiki ya dawo.

Sallah ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa, har na daina lissafi. Abinci da sutura bai taɓa gaza mata ba, wannan kam in na ce ya gaza na yi masa ƙarya. Amma ƙafarsa ba ta sake taka Zamfara ba. Sau ɗaya Saude ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi yaushe zai zo, sai ya ɗauke kira na makonni. Daga nan ba ta ƙara ba. Ni na ƙara, na zage shi tas, na ce masa ragon namiji, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce min an kawo musu sabon bel daga waje. Baban Saude ya zo daga Bukkuyum ya ce ta tattara ta bi shi gida, aure ba ta waya ake yin sa ba. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ya tafi yana girgiza kai.

Wata safiya na fito na tarar da ita ta jiƙa kaba a cikin baho. Ashe ta ba wani direba sautu ya sayo mata daga kasuwar Gummi, har da rini ja da kore. Ta ce tabarma za ta saƙa. Ban kawo komai a raina ba, don ta iya saƙa, a wurin innarta ta koya. Sai da aiki ya yi nisa na ga abin ya wuce hankali. Tana ta ƙara layi a kan layi, tabarma ta cinye rabin tsakar gida, kajina sun rasa wurin kiwo. Na ce mata, ke, masallaci za ki shimfiɗe ko filin Idi?

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya, kin ji shi da kunnenki. Duk abin da bel yaƙ ƙi, shi ka ɗauka. Rungume shi shikai, ya kai mota."

Na ce na ji, sai me?

Ta ce, "To ni ma in aika mai da abin da bel za ya ƙi. In bai iya zuwa, bai iya kallona, ko abin da hannuna yat taɓa ya runguma sau guda."

Ni mai baki ce, duk Anka an sani, amma ranar nan sai na juya na bar ta da saƙarta. Tausayinta ya kama ni, haushin ƙanena ya kama ni, na koma kan tandata na ƙona waina tanda guda.

Da ta gama sai ta naɗe tabarmar, ta fi tsawon Audu in ya ɗaga hannu. Bai ishe ta ba. Ta ce in aka bar ta haka wani mai dabara zai lanƙwasa ta biyu ya tura cikin kwali, bel ya wuce da ita. Sai ta samo gora mai kauri ta zura a tsakiya, ta ɗaure da igiya, ta ɗinke buhuna a kai. Audu ya dube ta ya ce in 'yan sanda suka tare mu a hanya kada mu ambaci sunansa.

Saude ta ƙi yarda a ba direbobin tasha, ko da yake da su kowa ke aika saƙo. Sai dai ofishin kamfanin su Lirwanu, shi kuma sai Gusau. Haka muka hau ƙaramar bas, tabarma a ɗaure a saman mota, ta yi gaba ta yi baya. Duk ramin da muka faɗa sai Saude ta leƙa ta taga, har direba ya ce mata Hajiya ba jariri ba ne.

A ofishin mun sami wata yarinya mai fara'a, Happiness, Hausarta ta fi tawa daɗi. Ta ɗauko awo ta gwada kayan, ta yi dariya, ta ce in muka cire gorar aka ninke tabarmar zai fi mana sauƙi nesa ba kusa ba. Saude ta ce a bar ta haka. Yarinyar ta sake bayani a hankali, don ta ɗauka ba mu gane ba, ta ce irin wannan kaya wahala yake ba ma'aikata, na'ura ba ta ɗaukarsa, sai an sa mutum. Saude ta ce ta sani. Ta tambaya ko lalle duk kayan Legas ta babban siton nan suke bi, aka ce mata lalle. Ta faɗi sunan Lirwanu da unguwar da yake kwana, aka rubuta aka manna. Har muka fito tana waiwayen kayan da aka jingine a bango.

Ba ta gaya masa ba, ni ma ta sa na yi alkawarin yin shiru, abin da ya fi min azumi wuya. So take ya zo ɗauka kamar kullum, ya sunkuya, ya ga sunansa. Ranar Lahadi da ya kira, bayan gaisuwa ta tambaye shi a kaikaice ko manyan kaya sun zo a makon nan. Ya ce kullum suna zuwa, ya ba ta labarin wata katifa da ta kusa kayar da shi. Lahadin da ta biyo ma haka. Saude ta rage cin abinci. In ta zauna sai in ga tana shafa tafin hannunta inda kaba ta yayyanka ta.

Sai ranar wata Laraba da hantsi, ina tsakiyar suya, wayar ta yi ƙara. Ba ranarsa ba ce. Saude ta fito da gudu ba ɗankwali, ta zauna a ƙasa ta danna.

Muryarsa ta fito a sanyaye. Ya ce wani mai keke napep ya kawo masa kaya masaukinsu, ya buɗe, ya gane saƙar innarta, ya gane hannunta.

Ta ce, "Mai keke? Ba kai kaɗ ɗauke ta daga bel ba?"

Sannan ya faɗi abin da ya ɓoye mana. Tun kafin azumi ya ɗaga kwalin janareto bayansa ya amsa, ya kwanta ya tashi, amma bai ƙara iya ɗaukar nauyi ba. Manyansa sun tausaya masa suka mayar da shi hagu, wurin ƙananan kaya. A kan kujera yake zama yanzu, ambulan da 'yan ƙunshe suna gangarowa gabansa yana zuba su a jaka. Katifar da ya ce ta kusa kayar da shi, wani ta kusa kayarwa, shi daga nesa ya hango.

Ya ce, "Da ƙullin yaji kinka aiko, Saude, ko awa ɗan yatsa, da ta hannuna za ya biya."

Na ajiye cokalin suya, zagi ya cika min baki. Mace ta yanke hannuwa tana saƙa, mun sha ramukan hanyar Gusau, ashe wani ƙato da ba mu sani ba ne ya rungumi kayan. Saude ta ɗaga min hannu, na haɗiye. Hawaye na zuba a fuskarta amma muryarta ba ta yi rawa ba. Ba ta yi masa ƙorafin ƙaryar ba. Ciwon bayansa ta tambaya, ko yana barci, ko akwai mai gasa masa da ruwan zafi. Ya ce da sauƙi, kuma ba mai gasa masa.

Daga nan ya koma kan tabarmar, don shi dai sai ya sami abin fakewa. Ya ce ba ta shiga ƙofa ba sai da ya zare gorar. Ɗakin nasu kuma su da yawa ke kwana, kowa da ɗan wurin da zai miƙe ƙafa. Ya gwada shimfiɗawa, ta hau bango ta nan ta hau ta can, ta rufe kayan mutane, dole ya sake naɗewa ya tsayar da ita a lungu.

Ya ce, "Ta mutum biyu ce."

Ta ce, "Ta mutum biyu ce."

"To ina zan shimfiɗa ta?"

Saude ta share fuska da bakin zane. Ta ce, "Ɗakin nan da kab bar ni ciki yana ɗaukarta. Na gwada kahin in naɗe."

Muna jin hayaniyar Legas a bayansa, hon na motoci da wata mai talla tana kiran abin da ban san sunansa ba. Na ɗauka zai kashe, ya sake ɓacewa kamar wancan karon, kuma na ga Saude ma abin da take tsoro ke nan, don ta riƙe wayar da hannu biyu. Duk zagin da nake masa, ƙanena ne, ni na goya shi, kuma ina kewarsa.

Da ya yi magana, muryar ta dushe. Ya ce ba zai mayar wa kamfani ita ba, ya san yadda ake jifa da dogayen kaya a bayan mota in ba mai su a kusa. Ya ce irin wannan sai mutum ya biyo ta da kansa, ya tsaya a ɗaure ta a gabansa.

Saude ta ce, "To."

Bai ce yaushe ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya ce lokacin aiki ya yi, ya yi sallama. Na koma kan tanda, ita ta daɗe a zaune a ƙasa da wayar a hannu.

Gidanmu yana kusa da titin da ya fito daga Gusau, daga zaure ana hango inda motoci ke sauke fasinja. Da can Saude ba ta leƙa zaure sai da dalili. Yanzu ita ke kai wa Audu ruwan alwala, ita ke fita da shara, ita ke miƙa wa masu saye waina. Na lura da ita sarai. In mota ta tsaya ba ta duban masu fitowa. Saman motar take kallo.