Sankara a Goron Amana

Duk Fagge an san Malam Kyari da ido a kan goro. Ƙwaya ɗaya zai ɗaga ya juya, ya gaya maka ko sankara ta shiga. Sankara kuwa 'yar ƙwaro ce mai dogon baki, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Sai ta huda goro ta yi ƙwai, tsutsa ta cinye ciki, waje yana nan sumul.

Shi ya sa Chukwuma, kafintan Sabon Gari da ya yi masa ƙofar shago, ya zo masa da ɗan ƙunshi a ganye.

"Malam, ajiye mini wannan. Daga bishiyar babana ne, shi ya tsinko da hannunsa kafin ya rasu. Ranar sunan abin da matata za ta haifa nake so a fasa."

Kyari ya buɗe, ya ga hannun-ruwa ne, goron nan mai yauƙi wanda ko kyauta ba ya ci. Ya ce, "Ba komai, Kafinta, ka kawo gidansa."

Ai kuwa ya cusa shi a lungu, kusa da kwandon da yake zubar da tsintaccen goro mai ciwo. Nasa huhunan kullum yana buɗewa, ya tsince, ya yayyafa ruwa, ya sauya ganye. Na amana ko kallo. Wai don hannun-ruwa ne!

Ranar da aka aiko cewa an haifi namiji, ya kwance ƙunshin. Innalillahi! Gari ne baƙi, ƙwari na yawo a ciki. Ya watsar a bayan shago, awaki suka bi ta kai. Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya zaɓo farin goro manya-manya, irin wanda ake kai wa sarakai, ya ƙunsa, ranar suna ya kai. A ransa ya ce ai wanda aka ba doki ba ya kukan jaki.

A tsakar gidan hayar da ake sunan, an ba Kyari kujera a gaba. Wani dattijo ya ɗauki goron, ya yi doguwar addu'a da harshen su Chukwuma, Kyari ya ji an ambaci sunan mamacin. Dattijon ya fasa. Goro ya rabu biyu. Sai mutane suka fara kallon juna. Na kusa da Kyari ya raɗa masa cewa a wajensu goro mai ɓari biyu bebe ne, ba a gaida iyayen da suka rasu da shi, nasu uku yake rabuwa ko huɗu.

Chukwuma ya miƙe, bai dubi Kyari ba. Ya ce laifinsa ne, shi ya rikita ƙunshin. Dattawa suka yi ta yi masa faɗa a gaban matarsa, yana sunkuye. Kyari ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da aka watse, Chukwuma ya rako shi har bakin titi. Can ya ce a hankali, "Malam, na san ƙwaro ba ya jin magana. Ko ruɓaɓɓen ne ka ba ni, in shafa wa yaron a goshi. Hannun kakansa ya taɓa shi."

Kyari ya tuna da awakin bayan shago.

"Yana nan, ko?" in ji Chukwuma.