Ɗanjuma Bai Koyi Faɗuwa Ba

A shekarar da za a sauke tutar Ingila, akwai wani Bature a unguwar Nassarawa ta Kano da ma'aikatan gidajen layin suke kira Mai Lofe. Manaja ne a wani kamfanin sayen gyaɗa. Bayan yaƙin duniya ya ɗan zauna a Japan, daga can ya kwaso wata irin kokawa mai suna judo, ya kuma ɗaura aniyar koya wa mutanen Kano ita, ko da yake ba wanda ya roƙe shi. Ya fitar da mota daga gareji, ya sa aka cika buhuna da ɓawon gyaɗa aka jera a ƙasa, aka lulluɓe su da tamfol. Wani tela a Fagge ya ɗinka riguna na akoko ninki biyu masu buɗaɗɗen gaba, kowace da ɗamararta. Ran Talata da Asabar bayan la'asar akawuna da masinjojin kamfanin sukan taru, wasu don suna so, wasu don manaja ne.

Ɗanjuma shi ne gadinan gidan, mai kula da furanni. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, kuma ɗan kokawa. A can ana cewa bayansa bai taɓa ƙasa ba. Masu faɗin haka ba sa lissafi da ƙuruciya, ba su kuma cika yin nisa da kasuwar garinsu ba, amma dai ƙato ne, kuma ya iya kayar da mutum.

Da damina ta kama, maganar tafiyar Mai Lofe ta tabbata. Ɗan ƙasar da zai gaji gidan ya aiko cewa zai zo da mutanensa, kuma bai ga amfanin ciyar da ƙato don ya ba fure ruwa ba. Ɗanjuma ba shi da abin komawa gida sai gonar da yayansa ya riƙe, wanda tun suna yara ba su taɓa raba ko rake lafiya ba. Sai Mai Lofe ya ce wani abokinsa da ke horar da kuratan 'yan sanda a Kaduna zai zo kallo, yana neman mutum ɗaya da zai riƙa taya shi nuna musu judo, da albashi da ɗaki a bariki. Mutum biyu ne suka sa rai: Ɗanjuma, da Shawulu masinja, wani siririn mutumin kudancin Zariya da shi ma aka ce za a rage shi daga ofis.

Judo, yadda Mai Lofe yake koyar da ita, ba da kayarwa take farawa ba. Za a tuɓe takalmi, a ɗan rusuna wa juna, sannan a yi ta faɗuwa: ta baya, ta gefe, ta gaba, haɓa a manne da ƙirji, hannu ya mari tamfol kafin jiki ya sauka. Bayan nan ne ake kama kwala da hannun riga, a ja mutum ko a tura shi har nauyinsa ya koma ƙafa ɗaya, a share ƙafar ko a ɗora shi a kwankwaso. In ya sauka da gadon baya da ƙarfi, an gama. In kuwa da gefe ya sauka ko da gwiwa, da sauran magana. Sai a bi shi ƙasa a danne shi kamar rabin minti, ko a matse shi har ya bubbuga tamfol alamar ya sallama. Mai Lofe yakan ce ma'anar sunan wasan ita ce hanya mai taushi. Akawunan da suke komawa gida suna ɗingishi ba su taɓa yi masa musu ba.

Tsakiyar darasin Ɗanjuma yake so. A kokawar da ya sani jikin mutum tsirara yake, ga gumi, ga santsi. A nan kuwa an ba ka riga ka riƙe. Cikin wata guda ba wanda yake iya tsayawa a gabansa. Amma farkon darasi da ƙarshensa, wato lokacin faɗuwa da lokacin birgima a ƙasa, kullum sai ya tuna akwai furen da bai sha ruwa ba, ko da an kwana ana ruwan sama.

"Ɗanjuma, sai ka koyi faɗuwa," in ji Mai Lofe da Hausarsa ta jarrabawa.

"Ranka ya daɗe, wanda za a kayar shi ya kamata ya koya."

Mai Lofe ya yi dariya ya bar maganar. Yana jin daɗin kiran baƙi su ga yadda gadinansa yake wurgi da akawuna, kuma malamin da yake alfahari da almajiri bai cika ganin inda ya rage ba.

Shawulu kuwa ba ranar da ba a kayar da shi. Ya faɗi, ya mari tamfol, ya tashi yana gyara ɗamara.

"Malam Shawulu, in ƙasa mace ce da tuni ka kai sadaki," Ɗanjuma yakan ce masa.

"Kai ma ka zo ku gaisa mana, Sarkin fure. Ba ta cizo."

Baƙon Kaduna ya zo ran wata Asabar. Dogo ne mai jan wuya, ba ya yawan magana. Aka ajiye masa kujera a bakin gareji. Bala kuku ya bar miya a wuta ya zo ya tsaya bayan taga, tare da masu gadin maƙwabta. Da aka gama nuna 'yan dabaru, Mai Lofe ya kira mutanen biyu tsakiya, suka rusuna, ya ba da izini.

Ba a daɗe ba. Ɗanjuma ya kama kwala, ya ja, ya juya kwankwaso, Shawulu ya tashi sama. Sai dai mutumin da ya shafe watanni ana jifa da shi ya san hanya. Ya murɗa jiki tun yana iska, ya sauka da gefe da gwiwa ɗaya. Mai Lofe bai ce an gama ba. Abin da ya rage wa Ɗanjuma shi ne ya bi shi ƙasa ya ɗora masa ƙirjin nan nasa, da Shawulu ko ƙuda ba zai iya korewa ba.

Amma a filin da Ɗanjuma ya girma, gwiwa ta taɓa ƙasa an gama. Ba a faɗa wa wanda ya riga ya faɗi. Mai yin haka har makaɗa sai sun zage shi. Wanda ya yi kaye shi yake tayar da abokinsa, ya kakkaɓe masa ƙura. An sha gaya masa a nan ba haka ba ne, kuma ya ji da kunnensa, jikinsa ne bai ji ba. Ya saki rigar, ya sunkuya, ya miƙa hannu.

Shawulu ya dubi hannun, ya dubi Mai Lofe. Sannan ya kama hannun rigar Ɗanjuma da kwala, ya kwanta da baya, ya kafa tafin ƙafa a cikin Ɗanjuma, ya cilla shi ta saman kansa. Dabara ce da Mai Lofe ya koyar tun farkon damina, ranar da furanni suke jin ƙishi.

Ɗanjuma bai manne haɓa ba, bai mari tamfol ba. Ya miƙa hannu a sandare don ya tare ƙasa, kamar yadda kowa zai yi. Har Bala da ke bayan taga ya ji ƙarar. Shawulu ya mirgino ya danne shi, amma ba a buƙatar dannewar, don Ɗanjuma bai motsa ba. Yana kwance yana kallon kwanon rufin gareji, wanda bai taɓa gani ta wannan fuskar ba.

Baƙon ya yi magana da Mai Lofe da Turanci, a taƙaice. Shawulu ne kaɗai a cikin su biyun ya fahimta, kuma bai fassara ba sai da Ɗanjuma ya matsa masa, lokacin da Shawulu ya goyo shi a keke za su wurin wani maɗori a Giginyu.

"Cewa ya yi bai ga mai kaye irinka ba."

"To?"

"To, ya ce kurata ɗanyu ne, a kanka za su riƙa gwadawa, su kayar da kai daga safe har azahar. Ya ce in ya ɗauke ka, asibiti zai riƙa biya."

Suka ci gaba da tafiya. Keken yana kuka saboda nauyi, Ɗanjuma yana rungume da hannunsa.

"Gwiwarka ta taɓa ƙasa, Shawulu."

"Ta taɓa. Har ta goge."

"Na miƙa maka hannu."

"Na gani, na kuma gode. 'Ya'yana uku, Ɗanjuma, ga na huɗu a hanya. Da na tsaya ka kakkaɓe mini ƙura, me za su ci?"

"A garinmu da an yi maka waƙa."

"Shi ya sa ba zan je ba. Gyara zama, ga rami nan."

Maɗorin ya ce tsagewa ce a tsintsiyar hannu, ya ja, ya ɗaure da karare, ya hana shi ɗaukar ko buta har kaka. Shawulu ya tafi Kaduna a ƙarshen watan. Mai Lofe ya bar Ɗanjuma a ɗakinsa na bayan gida har ranar da aka zo kwashe akwatuna, ya yi masa sallama da kirki, yana ta cewa abin takaici ne, ba tare da ya faɗi laifin wa ba. Washegari Ɗanjuma ya shiga jirgin Nguru ya sauka a Ringim. Yayansa ya dubi ɗaurin hannun ya tambaye shi ko zai iya yankan gero da ɗayan, Ɗanjuma ya ce zai gwada.