Tirelar da Ta Yi Nauyi

Yayana Toktosun bai taɓa yin bazara a ƙauye ba tun yana yaro. Ƙanƙara na narkewa zai kora tumaki su hau jailo, makiyayar kan dutse, ya kafa bukkarsa ta kiyiz, wato dakakken gashin tumaki, sai sanyi ya koro su. Amma bara matarsa Ajar ta rasu, gwiwarsa kuma ta fara yi masa gardama. Mutum ɗaya ba ya zaman jailo, dole a samu mai hawa doki da mai tatsar goɗiya. In autansa Kubat da matarsa Nazgul ba su bi shi ba, sai dai ya damƙa tumakin a hannun wani makiyayi, shi ya zauna a gida yana kallon dutse daga nesa. Na san yayana, wannan zaman kashe shi zai yi.

Ni Burul, ƙanwarsa, katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka komai a idona aka yi.

A wajenmu suruka ba ta ce wa uban miji a'a. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta musa masa. In ba ta son abu, sai ta rusuna ta kawo uzuri, mai hankali ya gane. Nazgul a birnin Bishkek ta tashi, ko akuya ba ta taɓa tatsa ba. Da Yaya ya yi mata zancen jailo, sai ta sunkuyar da kai.

"Baba, ni dai kwanan ƙasa a bukka ne bayana ba ya so."

Kowa a ɗakin ya ji abin da ta ce, ban da Yaya. Washegari sai ga shi yana korar kaji daga tsohuwar tirelar da ke bayan garke, irin mai ɗaki a kai wadda makiyaya ke kwana a ciki a zamanin da. Tsatsa ta ci ta, daɓen ya ruɓe, warin kashin kaji kuwa sai ka toshe hanci.

Na ce, "Yaya, me za ka yi da wannan gawar?"

"Gado take so, gado zan yi mata."

"Ba gado take so ba, birni take so."

"Ke dai bakinki bai taɓa haihuwar alheri ba. Miƙo min guduma."

Na miƙa masa. Ya fasa daɓen ya shimfiɗa katako mai kauri, na gungumen da ya ajiye don rufin garke. Ya haɗa gado, ya kankare tsatsa, ya shafa shuɗin fenti. Ya kira Nazgul ta gani. Ta leƙa, ta rusuna.

"Ta yi kyau, Baba. Sai dai ƙarfe akwai sanyi."

Bayan kwana biyu na same shi a tsakar gida ya baje kiyiz ɗin bukkar, riƙe da almakashin sausayar tumaki. Kiyiz ɗin nan Ajar ce ta daka shi da hannunta, ni da ita muka mirgina gashin a tabarma har gwiwar hannunmu ta saluɓe. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"In ka yanka wannan, da me za ka rufe bukka?"

"Wa zai sake kwana a bukka? Zamani ya wuce ta."

Ya yanka. Ya bi bangon tirelar da shi ninki biyu, har rufi, ya danne da katako ya buga ƙusa. Ban shiga gidan ba kwana da kwanaki, amma ina jin gudumar ta kan katanga.

Uzuri na gaba murhu ne. Wai na gwangwani yana hayaƙi, kuma da wuta ta mutu ɗaki ya huce. Sai Yaya ya gina mata murhun tubali irin na cikin gida, da wurin gasa gurasa, a tsakiyar abin da aka yi don a ja shi a kan taya. Bayan murhu aka yi kanta, bayan kanta aka ɗauko akwatin auren Nazgul mai ƙarfe aka kafe shi a kusurwa.

Na tare Kubat a bakin rijiya na ce, "Kai ba ka da baki? Gaya wa ubanka gaskiya mana."

Ya sosa ƙeya. "Gwaggo, ta ina zan fara? Kin ga fuskarsa kuwa in yana aikin nan? Rabonsa da dariya tun rasuwar Inna. In an gama dai a ga abin da Allah zai yi."

"Ragon banza," na ce, amma ni ma ban sake yi wa Yaya zancen ba. Gaskiya tirelar ta yi kyau. In ka shiga, ɗumi, tsaf, ga ƙamshin gashin tumaki da sabon katako.

Ranar tashi maƙwabcinmu Sagin ya zo da tarakta. Ya zagaya tirelar, ya dubi tayoyin da suka lotsa.

"Dattijo, gida ka gina ko tirela? Saura ka haƙa mata rijiya a ciki."

"Ja kawai, surutu ya yi maka yawa."

Ya ja. Ta motsa da ƙyar, tana kuka, ta fita ƙofar gida. A 'yar kwatar ban ruwa da ke bakin hanya tayar gaba ta faɗa, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin ya karye gida biyu. Tirelar ta durƙusa ta gefe guda, muka ji tubalin murhu yana zubewa a ciki. Sagin ya leƙa ƙasa ya girgiza kai, ya ce irin wannan ƙarfen an daina yin sa tun kafin a haifi Kubat.

Na dubi Nazgul. Kanta a sunkuye, amma na ga kafaɗunta sun sauka, kamar wadda aka sauke wa tulu.

Yaya ya daɗe a tsaye. Can ya juyo gare ni, muryarsa ƙalau.

"Ba komai. Burul, fito da bukka, a ɗora wa dawaki. Da can ma..."

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban tuna masa ba. Sandunan bukkar suna nan a ɗaure a rumfa, babu abin rufa su.

Tumakin sun hau da ƙanin Sagin. Kafin wata ya ƙare Kubat ya samu aikin gadi a Bishkek, suka tafi, Nazgul ta rusuna har ƙasa ta yi wa Yaya sallama. Tirelar aka jawo ta cikin gida aka tokare da duwatsu, har yau a karkace take, shayi ma ba ya tsayawa daidai a kwano. Yaya ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ciki, ya bar gidan a rufe. Na ce masa ya dawo ɗaki, ya ce a nan ne yake jin ƙamshin hannun Ajar.

Aiki ɗaya ya ƙara yi mata. Ya roƙe ni ragowar kiyiz ɗin da na tsince na ajiye, ya yanka shi daidai girman tagar da ke kallon dutse, ya buga shi da ƙusa ta kowane gefe.